Nonon da Rabi Ta Bari a Firiza

Shekara tara ke nan cif da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta a wata maƙabarta da ke kudancin Manchester. Duk shekara in watan nan ya kama nakan ɗauki biro da niyyar in rubuta wani abu a kanta, in yi layi biyu in ajiye. Masu irin wannan shafi sukan cika shi da yabon mamaci, ni kuwa duk sanda na fara yabon sai in ji kamar ina shafa wa bango fenti alhali na san tushensa ya tsage. Rabi ba ta buƙatar yabona. Amana guda ɗaya tak ta bar mini a duniya, ban riƙe ba, kuma bana ne aka zo karɓar bayani.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, Rabi ce auta, shekara goma sha biyu ne tsakaninmu. Ina aikin injiniyan hanyoyi da magudanan ruwa a Birmingham tun tana sakandare a Kano. Ita ma injiniyanci ta karanta, na sinadarai, ta kuma fi ni kai nesa ba kusa ba, abin da ban taɓa yarda da shi a gabanta ba. Da ta samu tallafin zuwa Manchester yin digiri na uku, an yi sa'a ina gida hutu, aka tara dangi a yi mata addu'a. A nan ne wani kawunmu ya tambayi abin da za ta je karantowa. Rabi tana can baya cikin mata, sai ido ya dawo kaina. Abin da za ta je yi shi ne ƙera samfurin naman nonon mace a ɗakin gwaji, don a riƙa binciken ciwon daji a kansa. Na dubi kawu, na dubi mahaifiyarmu Hajiya tana zaune a bakin ƙofa, na ce, "Binciken nono za ta yi."

Kawu ya ce madalla, ai Turawa sun iya harkar madara. Hajiya ta yi murmushi, don mahaifiyarta Bafulatana ce da ta yi rayuwarta da ƙwarya a ka, sai ta ga jika ta koma sana'ar kaka ta hanyar boko. Ni kuma ban gyara musu ba. Ban yi ƙarya ba, haka na gaya wa kaina. Hausa ce ta ba abu biyu suna ɗaya, na sha da wanda aka sha daga gare shi, ni dai na tsaya a tsakiya na bar kowa ya ɗauki wanda ya ga dama. Wanda bai san zaman ɗan fari da uwa a gidajenmu ba zai ce wannan wauta ce. Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni. Ina yaro "kai" nake, da na gama jami'a na zama "Injiniya". Ba ma haɗa ido in muna magana. Ta ina zan fara ambaton ƙirjin mace a gabanta?

Rabi ta sha dariya a ranar har da riƙe ciki. Daga baya abin ya zama wasa tsakaninmu. Hajiya takan aiko mata da shawara ta waya, wai ta tabbata mazubin ya bushe sarai kafin ta zuba, kuma kada ta manta da ɗan tsohon nonon da ake sa wa sabuwar madara don ta kama. Rabi ta ce to Hajiya, ta kashe waya, ta ce mini wallahi tsohuwar nan ta fi wasu ɗalibanta gane aikin. Sau biyu ko uku ta ce za ta warware mata zancen, ina cewa ta bari sai ta je gida, irin wannan magana ba ta waya ba ce. Takan ce, "Yaya, barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa." Sai in sauya zance.

Sau ɗaya na taɓa shiga wurin aikinta. Na zo Manchester wani taro, ta ja ni dole, ta sa mini farar riga da safar hannu. Na yi zaton zan ga abin da zai sa in sunkuyar da kai. Abin da na gani 'yan faranta ne na roba masu ramuka, a kowane rami ɗigon wani abu mai danƙo kamar kokon da ya kwana ya kafe. Ta ce in leƙa madubin ƙara girma. A ciki na ga wani abu kamar ƙaramar bishiya mai rassa, kowane reshe da 'yar ƙwallo a bakinsa. Ta ce waɗannan su ne hanyoyin da ruwan nono ke bi. Idan an yi wa mace tiyata, in ta yarda, sai a ba su ɗan yanki daga abin da aka cire. Su ware ƙwayoyin halittar da ke ciki, su dasa su a cikin danƙon nan, su ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, suna ba su abinci na ruwa duk bayan kwana biyu. Ƙwayoyin da kansu suke tuna gininsu na asali su sake shi. A kan wannan ake gwada magani, maimakon a gwada a jikin mace ko na ɓera. Aikin Rabi shi ne danƙon, yadda za a kwaɓa shi ya yi laushi daidai da na jikin mutum.

"Kai concrete kake kwaɓawa, ni ma mix nake yi," in ji ta. "Bambancin kawai, nawa in ya yi tauri da yawa cells ɗin sai su haukace, su fara abin da cancer ke yi."

Na ce to Allah ya taimaka, ina duba agogo. Yau da za a ba ni wannan rabin awar in sake, da na zauna na yi ta tambaya har ta gaji.

Abin da ke cin ranta shi ne kusan duk abin da ke cikin akwatunan nan daga jikin Turawa ya fito. Ta ce ciwon yakan zo wa matanmu da wuri, yakan kuma zo da zafi, amma in an tashi gwada magani ba namanmu ake dubawa ba. Ba wai an hana mu ba ne, mu ne ba ma bayarwa. Sai ta shiga bin mata. Duk walimar suna ko saukar karatu da za a yi a Moss Side ko Gorton, Rabi na can da 'yan takardunta a jaka, tana jira a gama cin shinkafa ta miƙe. Ba ta ce kowa ta je a yanke ta ba. Cewa take in Allah ya ƙaddara wa mace tiyata, ko ta ƙari ce mara illa, to ta yarda a ba masu bincike abin da dama za a kawar. Matan nan matan likitoci ne da akantoci, wasu su kansu masu digiri biyu, amma da ta ambaci kalmar sai a fara gyara mayafi. Wata ta ce mata, "Haba Doctor Rabi, wannan ai tonon silili ne, ga yara a wurin." Wata ta ce abin da aka yanke a jikin Musulmi binne shi ake yi. Har matata ta roƙe ni in ja mata kunne, don an fara daina gayyatar Rabi taro. Na kuwa ja mata. A shekara huɗu ba ta samu mace ko ɗaya ba.

Wannan duk a shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da gwamnatin ƙasar nan ta bi komai da almakashi. A ofishinmu duk bayan 'yan watanni sai an kira taro, a fito an rage kujeru. A unguwarmu an rufe ɗakin karatu da wurin wasan yara, bas ɗin da ke zuwa duk minti goma ya koma sai ka yi tsayuwar jiran tsammani. Su Rabi abin ya fi tsanani. Bayan ta gama digirin aka ɗauke ta aiki na shekara biyu, daga nan na shekara ɗaya, daga nan na wata shida, kuma izinin zamanta a ƙasar a jikin aikin yake rataye. Ta taɓa ce mini, "Contract ɗina six months ne, Yaya, su kuma cells ɗin nan ba su san contract ba. Every two days sai sun ci, ko Sallah ce." Haka take tashi daga ɗan gidan hayarta na saman wani shago a Withington, Asabar da Lahadi, ta hau bas ta je ta ba su abinci ta dawo.

A cikin wannan hali ta ji ƙullutu a jikinta. Mai dokar barci ta ɓige da gyangyaɗi: ita da ke yawo gida-gida tana cewa kada a yi jinkiri, wata biyu ta yi ba ta gaya wa kowa ba. Ana gab da yanke shawarar sabunta aikinta, tana tsoron in ta ɗauki hutun jinya a lokacin za a ce a bari sai ta warke, kuma kowa ya san ma'anar wannan. Da ta je wurin likitan unguwa aka tura ta asibiti, abin ya riga ya yi nisa. Na taho daga Birmingham na same ta a gadon asibiti kwana ɗaya kafin tiyata, tana cike takarda tana murmushi. Ta ɗaga mini ita ta ce, "At last na samu volunteer, Bahaushiya kuma." Na fita waje na tsaya a bakin taga na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu.

Dokar ɗakin gwaji ta hana mutum ya taɓa ƙwayoyin jikinsa da hannunsa, don haka wata abokiyar aikinta ce ta riƙa rainonsu, Rabi na tsaye a bayan gilashi da ɗankwali a kan da gashi ya zube, tana ba da umarni. Sun tsiro, na ɓangaren mai ciwo da na ɓangaren mai lafiya, duka daga mace ɗaya. Aka raba su cikin 'yan kwalabe goma sha ɗaya, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, aka sa a wani tanki mai sanyin da ke tsayar da rai ba tare da ya kashe shi ba. Ita dai firiza take ce masa. Hajiya kuwa mun gaya mata daji ne a ƙirji. Sau biyu muka nema mata biza ta zo jinya, sau biyu aka hana.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar, kamar wata biyu kafin rasuwarta, na kai mata tuwo da miyar kuka da matata ta yi. Ba ta iya ci ba. Ta ce in zauna. Ta ce takardar da ta sa wa hannu ta wannan binciken ce kaɗai. Ta nemi a faɗaɗa ta, amma wanda ke kula da irin waɗannan takardu an sallame shi, maganar tana ta yawo tsakanin ofis da ofis.

"In project ɗin ya ƙare ba na nan, next of kin, ɗan'uwa mafi kusa, za su tambaya. Kai ne. Ka ce musu yes, shi ke nan aikinka. Ba nawa ba ne, Yaya, na Amira ne da 'ya'yan Amira."

Amira 'yata ce, tana da shekara goma sha bakwai a lokacin. Na ce in sha Allahu za ta tashi ta yi abinta da kanta.

"Na gode da addu'a. Amma alkawari na tambaye ka."

Na ce na yi alkawari.

Wata uku bayan mun binne ta, kuɗin binciken ya ƙare, ba a sabunta ba. Aka sallami abokiyar aikin nan, aka ba wasu ɗakin, aka ce a kwashe tankin. Farfesar da Rabi ta yi aiki a ƙarƙashinta, wata dattijuwar Baturiya da ita ma aka lallaba ta yi ritaya, ta hau jirgin ƙasa da kanta ta same ni a Birmingham lokacin hutun cin abincin rana. Ta ce ta yi ta buga waya har ta samu wani ɗakin gwaji a nan garin da ya yarda ya karɓi kwalaben ya ci gaba da aikin. Ta ajiye mini takarda mai gurbi uku: a miƙa su can, ko a ba iyali su binne, ko asibiti ya kawar da su. Ta ce ina da mako biyu.

A nan ne ya kamata in ce addini ya ɗaure mini hannu, kuma da na faɗa da yawancinku kun yarda. To ba haka aka yi ba. Na je wurin limaminmu ina fatan ya ce haramun ne. Ya saurare ni, ya ce malamai sun yi magana a kan irin wannan, da yawa sun halatta in mai jikin ta yarda kuma akwai amfanin mutane, ya ƙara da cewa wannan wasiyya ce, ana ma yi mata fatan ladan da ba ya yankewa. Na fito ina jin haushinsa. Gaskiyar ita ce magana ta fara zagayawa cewa ba a binne Rabi duka ba, Turawa sun riƙe wani sashe nata, kuma an san wane sashe ne. A masallaci sai in ga kamar kowa ni yake kallo. Ɗakin gwajin nan kuma yana kan hanyar bas ɗin da nake hawa kullum. Na riƙa ƙiyasta wani saurayi ɗalibi riƙe da naman ƙirjin ƙanwata yana hira da abokinsa. Ga sunana ana raɗe-raɗin yana cikin waɗanda za a rage a ofis. Na gaji, ina so komai ya ƙare, a rufe, a daina ambata. Abin da na rasa shi ne wanda zai ɗauke mini nauyin cewa a'a.

Sai na kira Hajiya. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, akwai nonon da Rabi ta bari a firiza a wurin aikinsu. Sun ce a tambayi iyali, a ajiye ko a kawar."

Na zaɓi kowace kalma kamar yadda nake zaɓen ƙarfen gada. Na san abin da za ta ji.

"Nono wata uku a firji? Haba Injiniya, wannan ma sai an tambaye ni? Ai ko kare ba zai sha ba. A zubar, kada ya sa wa mutane wari a ofis su zage ta tana ƙasa."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na gaya wa farfesar cewa mahaifiyarmu ta yanke hukunci, mu kuma a al'adarmu ba a tsallake maganar uwa. Ba ta yi gardama ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko mahaifiyar tamu ta fahimci abin da ake tambayarta. Na ce ƙwarai kuwa. Na cike gurbi na biyu, don ko ba komai ban yarda a ƙona ba, har ina ganin na yi abin kirki. Wata Asabar da safe masu hidimar jana'iza suka kawo wani ɗan akwati da bai fi kwalin sukari ba. Aka haƙa ɗan rami a wajen ƙafafun kabarinta, daga ni sai mai haƙan. Abin da aka yi shekara biyu ana raino ya narke ya mutu a cikin mota, tsakanin jami'a da maƙabarta. Na yi addu'a, na hau jirgin ƙasa na koma gida, na ce wa iyalina an gama da maganar. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka gama. A ofis kuma ba a ma rage ni ba.

Shekara tara ina zaune a kan wannan. Mutum yakan saba da komai, har da kansa.

Wata biyu da suka wuce Amira ta zo cin abincin rana ranar Lahadi. Yanzu shekararta ashirin da shida, malamar firamare ce. Ta ajiye cokali ta ce, "Dad, I found a lump. Left breast." Ƙullutu a nonon hagu, haka kai tsaye, da Turancinta na 'yan Birmingham. Yaranmu na nan Turanci ya ba su ƙofar da mu ba mu da ita, suna faɗin sunan abu ba tare da sun nemi inda za su ɓuya ba. Aka yi gwaji, aka tabbatar. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Na raka ta ganin likitan da zai tsara maganinta. Ya tambayi tarihin dangi, ta gaya masa na gwaggonta, ta ƙara da cewa gwaggon mai bincike ce, ta ma ajiye ƙwayoyin jikinta da rai. Ashe Rabi ta zaunar da ita ta gaya mata komai tun tana 'yar sakandare. Likitan ya ɗago kai. Ya ce asibitin da aka yi wa Rabi tiyata wataƙila suna da ɗan yanki matacce da akan adana, za a nema, zai faɗi wani abu. Amma mai rai, wanda za a iya tayarwa a ɗiga masa magani a ga yadda zai yi, daga 'yar'uwa ta jini, wannan ba kasafai ake samu ba. Amira ta juyo ta ce, "They're still in a freezer somewhere, right? Auntie said you'd sort it." A gaban likita da ma'aikaciyar jinya na gaya wa 'yata inda suke.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kwalaben nan da sun warkar da ita ba. Likitan ma bai ce haka ba, ya ce wataƙila da ba su sauya komai a maganinta ba. Wannan wataƙilar ce ke cina. Da na san ba su da amfani da na huta, da na san suna da shi da na san girman laifina in nemi gafara daidai da shi. Yanzu ba mai iya gaya mini, don ni na binne amsar. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyin da ba na iya ɗaga kai.

Nakan tambayi kaina me Rabi za ta ce da ta ga yau. Aikin da take yi a ɗan lungu da kwantiragin wata shida, yanzu na ji ana yin irinsa a wurare da yawa, har an fi yadda ta bari. Na san za ta yi murna, ta kuma yi ƙorafin cewa danƙonsu bai kai nata ba. Za ta tambaya mata nawa daga cikinmu suka bayar, kuma ina jin amsar ba za ta yi mata daɗi ba. Matan da suka gyara mayafi a gabanta, biyu daga cikinsu mun binne su da wannan ciwo, kuma a gidan makokin "ciwon nan" aka riƙa cewa. Layin ganin likita ya fi na zamaninta tsawo. Ni kuma za ta dube ni ta ga furfura, ta ga mutumin da ya iya lissafin ruwan da bututu zai ɗauka na shekara hamsin amma bai iya faɗa wa uwarsa kalma ɗaya ba. Ba na jin za ta yi faɗa. Dariyar nan tata za ta yi, ita ce kuma na fi tsoro.

Amira ta yi mako guda ba ta ɗaga wayata ba. Da ta ɗaga, abu ɗaya ta ce, in kira Hajiya in gaya mata da Hausa, ba kwana-kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hajiya ta haura tamanin yanzu, kunnenta ya yi nauyi, don haka abin da na kasa faɗa da raɗa sai da na faɗe shi da ƙarfi, har sau biyu. Na gaya mata aikin da Rabi ta yi, da inda ciwonta yake, da abin da ke cikin firizar, da abin da ke jikin Amira. 

"Ni ban yi boko ba," in ji ta, "amma da shi na shayar da ku, ku shida. Mene ne a cikinsa da za a ɓoye mini? Da ka gaya mini, wataƙila in ce a binne, wataƙila in ce a bari, ban sani ba. Amma da ni ce na faɗa." Ta ƙara da cewa, "Na ce ko kare ba zai sha ba. A kan naman 'yata ka bar ni na faɗi haka, kana ji."

Ba ta tsine mini ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Cewa ta yi in ba ta lambar Amira, kuma tun ranar kullum sai sun yi magana, jika da guntuwar Hausarta, kaka da kunne ɗaya.

To me ya rage na Rabi? Ɗakin gwajinta ya zama na wasu. Gidan hayarta na Withington ɗalibai ne a ciki. Sunanta na kan wasu takardun bincike da ban iya karantawa ba. Abin da ta fi so ya rage, wanda ta ba da jikinta dominsa, yana ƙarƙashin ciyawa a wajen ƙafafunta. Allah ya jiƙanta, ya ba ta ladan niyyarta cikakke, don ita ta cika nata. Ku kuma masu karatu, in kun kai nan, ku sa 'yata a addu'a, ranar Talata za a shiga da ita tiyata.

Abin da na gani ya rage shi ne wanda na gani shekaranjiya a asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta kawo wa Amira takardar neman izinin ba masu bincike abin da za a cire. Ba ta jira an gama yi mata bayani ba ta karɓi biro, ta cike gurbin da ya ce kowane bincike, a ko'ina, ba iyakar lokaci. Ta sa hannu. Sannan ta tambayi matar, in wani abu ya same ta, ko akwai wani dalili da zai sa a nemi izinin mahaifinta. Matar ta ce babu. Amira ta ce ta sake dubawa. Ta duba, ta ce babu.

Ina zaune a kujerar da ke gefenta, riƙe da jakarta, kuma ba ta sassauta murya ba.